Arthur Conan Doyle

Sir Arthur Ignatius Conan Doyle (22 ga Mayu 1859 – 7 ga Yuli 1930) marubuci ne kuma likita ɗan ƙasar Birtaniya, haifaffen yankin Sikotlan. An fi saninsa da ƙirƙiro Sherlock Holmes, mai binciken laifi mai zaman kansa, wanda ya fito a cikin dogayen ƙagaggun labarai 4 da gajeru 56 tsakanin shekarar 1887 da 1927. Ban da waɗannan, ya rubuta ƙagaggun labaran tarihi da labaran al'ajabi da tarihin yaƙe-yaƙe da wasannin kwaikwayo. A wurinsa littattafansa na tarihi su ne aikinsa mai daraja, amma masu karatu sun fi raja'a ga Holmes. Wannan saɓanin ra'ayi ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: ya kashe Holmes a cikin labari a 1893 domin ya huta da shi, amma bayan shekara goma ya dawo da shi saboda matsin masu karatu da tayin kamfanonin ɗab'i.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Doyle a unguwar Picardy Place da ke birnin Edinburgh. Iyayensa mabiya ɗarikar Katolika ne, kuma asalinsu daga ƙasar Ailan yake. Mahaifinsa, Charles Altamont Doyle, ma'aikacin gwamnati ne kuma mai zane, amma shaye-shaye da rashin lafiya sun raba shi da aikinsa, ya ƙare rayuwarsa a gidan kula da masu taɓin hankali a 1893. Nauyin gida ya koma kan mahaifiyarsa, Mary Foley, mace mai yawan karatu. Ita ce ta riƙa ba shi labaran barade da jaruman zamanin da tun yana ƙarami, ta kuma koya masa tambarin gidajen sarauta da tarihin zuri'o'i. A nan son tarihi ya fara shiga ransa, kuma ya girma yana karanta littattafan Walter Scott.

’Yan'uwan mahaifinsa masu hali ne suka biya masa kuɗin makaranta. A 1868 ya shiga makarantar Hodder ta limaman Jesuit a Ingila, daga nan ya wuce Kwalejin Stonyhurst, inda ya kammala a 1875. Ya ƙara shekara guda a wata makarantar Jesuit da ke Feldkirch a ƙasar Ostiriya. Daga baya ya bar ɗarikar Katolika.

Daga 1876 zuwa 1881 ya karanta aikin likita a Jami'ar Edinburgh. Cikin malamansa akwai Dakta Joseph Bell, wanda ya shahara da gane sana'ar mara lafiya da inda ya fito ta hanyar duban hannunsa da tufafinsa da tafiyarsa, tun kafin mutumin ya buɗe baki. Doyle ya yi masa aikin magatakarda a asibiti, kuma daga baya ya bayyana cewa daga wurin Bell ya ɗauko salon binciken Holmes. Yana ɗalibi aka buga gajeren labarinsa na farko a mujallar Chambers's Journal a 1879.

Aikin likita

A 1880, tun bai gama karatu ba, ya yi aikin likita na wasu watanni a jirgin ruwa mai suna Hope, mai farautar manyan dabbobin teku a yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Bayan ya sami digiri a 1881 ya shiga jirgin Mayumba, wanda ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A wannan tafiya zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, kuma da ya koma gida bai sake karɓar aikin ba.

A 1882 ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Southsea, kusa da Portsmouth a kudancin Ingila, da ’yan kuɗi kaɗan a hannu. Da farko marasa lafiya ba sa zuwa sosai, don haka ya riƙa cike lokacinsa da rubutu. Ya sami babban digirin likita a 1885. A farkon 1891 ya tafi birnin Biyana don koyon aikin ido, sannan ya buɗe ofis a Landan a matsayin likitan ido, amma kasuwa ba ta buɗe masa ba. Bayan mura mai zafi ta kwantar da shi a wannan shekarar, sai ya ajiye aikin likita ya rungumi rubutu gaba ɗaya.

Fitowar Sherlock Holmes

Doyle ya rubuta labarin Holmes na farko, A Study in Scarlet, a 1886. Kamfanoni da dama sun ƙi shi, kafin Ward, Lock & Co. ya saye shi dungurungum a kan fam 25. An buga shi a mujallar Beeton's Christmas Annual ta 1887, kuma bai ja hankali sosai ba. Kafin Doyle, Edgar Allan Poe a Amurka da Émile Gaboriau a Faransa sun riga sun rubuta labaran binciken laifi. Doyle kuwa ya fito da mai bincike da ke bayyana hujjojinsa daki-daki kamar likita, tare da aboki, Dakta Watson, wanda ke ba da labarin kuma yake tambayar abin da mai karatu zai so ya tambaya. Labari na biyu, The Sign of the Four, ya fito a mujallar Lippincott's a watan Fabrairu 1890.

Shaharar ta zo ne da mujallar Strand, wadda George Newnes ya kafa a Janairu 1891. A lokacin mujallu sun saba buga dogon labari kashi-kashi, wanda ya rasa fitowa ɗaya kuwa ya rasa kan zaren. Doyle ya kawo wata dabara: jarumi ɗaya da ke dawowa kowane wata, amma kowane labari ya ƙare a fitowa ɗaya. Na farko, A Scandal in Bohemia, ya fito a Yuli 1891 tare da zane-zanen Sidney Paget. Cikin ’yan watanni sunan Holmes ya bazu, cinikin mujallar ya ƙaru, aka fara aiko wa Doyle wasiƙu, wasu ma da sunan Holmes kansa, ana neman ya warware matsaloli na gaske.

Labaran tarihi

A daidai wannan lokaci zuciyar Doyle tana wani wuri. Tun kafin Holmes ya yi suna ya rubuta Micah Clarke, wanda aka buga a 1889, game da tawayen Monmouth na 1685 a Ingila. Littafin ya sami karɓuwa fiye da labarin Holmes na farko, abin da ya ƙara masa tabbacin cewa nan ne fagensa. Bayansa ya rubuta The White Company, wanda ya fito a 1891. Labari ne na rundunar ’yan baka da barade na Ingila a shekarun 1366 da 1367, zamanin Sarki Edward na Uku, lokacin dogon yaƙin Ingila da Faransa. Ya keɓe kansa ya karanta littattafai masu yawa kan makamai da tufafi da al'adun ƙarni na 14 kafin ya fara rubutun.

Ya ci gaba a wannan layi da The Refugees a 1893, kan ’yan Furotesta da suka gudu daga Faransa zamanin Sarki Louis na 14, da Rodney Stone a 1896, kan ’yan dambe na farkon ƙarni na 19. Daga 1894 ya fara gajerun labaran Birgediya Gerard, wani sojan doki na rundunar Napoleon mai jarumta da yawan cika baki. A 1906 ya fitar da Sir Nigel, wanda ke ba da labarin ƙuruciyar ɗaya daga cikin jaruman The White Company.

Dalilinsa na fifita waɗannan littattafai a fili yake. Labarin tarihi yana cin watanni na bincike, kuma a zamaninsa shi ne nau'in adabin da ya ɗaukaka Walter Scott. Labarin binciken laifi kuwa ana yi masa kallon abin rage dare. Haka kuma kowane gajeren labarin Holmes yana buƙatar sabon ƙulli cikakke, irin wanda zai iya ɗaukar dogon littafi, kuma hakan yana gajiyar da shi. Littattafan tarihin sun sayu, amma ya yi takaicin yadda masu sharhi suka ɗauke su a matsayin labaran kasada kawai, ba su kula da hoton zamanin da ya wahala wajen zanawa ba. Takaicin ya fi yawa a kan Sir Nigel, wanda yake ganin shi ne ƙololuwar aikinsa.

Kashe Holmes da martanin masu karatu

A watan Nuwamba 1891 Doyle ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa yana tunanin kashe Holmes, saboda yana ɗauke masa hankali daga ayyukan da suka fi muhimmanci. Mahaifiyar ta ƙi amincewa, sai ya jinkirta. Ya gwada tsauwala farashi don mujallar ta haƙura: ya nemi fam 50 kan kowane labari, aka biya, sannan a 1892 ya nemi fam 1,000 kan labarai goma sha biyu, aka sake biya.

A 1893 ya ziyarci ƙasar Suwizalan, inda ya ga babbar magangarar ruwa ta Reichenbach. A watan Disamba na shekarar Strand ta buga The Final Problem, inda Holmes da abokin gabansa, Farfesa Moriarty, suka yi kokawa a bakin magangarar, aka ɗauka duka biyun sun faɗa sun mutu. Masu karatu sun fusata. Wasiƙun ƙorafi da na zagi sun yi ta zuwa wa marubucin da mujallar, daga Birtaniya da Amurka. Doyle bai sauya ra'ayi ba, ya shafe kusan shekara takwas bai rubuta sabon labarin Holmes ba.

Duk da haka Holmes bai gushe daga idon jama'a ba. A 1899 ɗan wasan Amurka William Gillette ya fito da shi a dandalin wasan kwaikwayo, wasan ya yi kasuwa ƙwarai. A 1901 wani ɗan jarida abokin Doyle, Bertram Fletcher Robinson, ya ba shi tatsuniyoyin yankin Dartmoor game da wani karen aljanu. Doyle ya ga labarin yana buƙatar mai bincike, ya kuma ga babu dalilin ƙirƙiro sabo. Haka aka sami The Hound of the Baskervilles, wanda Strand ta buga kashi-kashi daga Agusta 1901 zuwa Afrilu 1902. An tsara shi a matsayin abin da ya faru kafin mutuwar Holmes. Labarin ya haɗa tsoron abin ɓoye da bincike na hankali, inda a ƙarshe aka gano cewa mutum ne ke amfani da tsohuwar tatsuniya don ya ci gado.

Nasarar littafin ta sa mujallar Collier's ta Amurka ta yi masa tayin maƙudan kuɗi don ya raya Holmes. A 1903 aka buga The Empty House, inda aka bayyana cewa Moriarty kaɗai ya faɗa, Holmes kuwa ya ɓoye shekara uku yana yawo, ya bi ta Tibet da Farisa da Makka da Khartum kafin ya koma Landan ta Faransa. Masu karatu sun yi murna, ko da yake wasu sun ce labaran baya ba su kai na farko ba. Doyle da kansa ya ba da labarin wani matuƙin kwalekwale da ya gaya masa cewa ko da Holmes bai mutu a faɗuwar ba, bai sake zama kamar da ba.

Masu karatu sun kuma zama masu bin diddigi. Sun lura, alal misali, cewa raunin da Watson ya samu a yaƙin Afganistan yana kafaɗa a littafi na farko, amma ya koma ƙafa a na biyu. A 1927 Strand ta shirya gasa, inda aka nemi masu karatu su cinci labarai goma sha biyu da Doyle ya fi so cikin na Holmes. A jerin da ya bayar, The Speckled Band ne na ɗaya, The Red-Headed League na biyu. A wannan shekarar aka buga labarin Holmes na ƙarshe.

Labaran al'ajabi

A 1912 ya fitar da The Lost World, labarin Farfesa Challenger, masani mai zafin rai, wanda ya jagoranci tawaga zuwa wani tudu a dajin Kudancin Amurka inda manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka ɗauka sun ƙare, suke raye. Littafin ya sami karɓuwa, aka mayar da shi fim a 1925, kuma ya zama abin koyi ga labarai da finafinai masu yawa na irin wannan jigo. Challenger ya sake fitowa a The Poison Belt a 1913 da The Land of Mist a 1926.

Yaƙi, siyasa da neman adalci

A 1900 ya yi aikin sa kai a matsayin likita a wani asibitin sojoji da ke Bloemfontein, lokacin yaƙin Birtaniya da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, inda zazzaɓin taifod ya kashe sojoji masu yawa. Ya rubuta tarihin yaƙin, da wani ɗan littafi na kare matakan Birtaniya daga sukar ƙasashen waje. A 1902 Sarki Edward na Bakwai ya ba shi lambar girma ta Sir. Sau biyu ya tsaya takarar majalisar dokoki, a 1900 da 1906, bai ci ba. A 1909 ya rubuta The Crime of the Congo, inda ya goyi bayan gwagwarmayar E. D. Morel da Roger Casement ta fallasa zaluncin da aka yi wa mutanen Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam.

Ya kuma shiga shari'o'i biyu na gaske. Na farko shi ne na George Edalji, wani lauya wanda mahaifinsa ɗan asalin Indiya ne, da aka ɗaure a 1903 bisa zargin raunata doki. Doyle ya nuna cewa raunin idon Edalji ba zai bar shi ya aikata hakan cikin dare ba, ya kuma nuna alamun wariyar launin fata a binciken. An yi wa Edalji afuwa a 1907, kuma shari'ar tana cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙara kan manyan laifuka a Ingila a shekarar. Na biyu shi ne na Oscar Slater, Bayahude ɗan asalin Jamus, da aka yanke wa hukunci a 1909 kan kisan wata tsohuwa a Glasgow. Doyle ya rubuta littafi a kansa a 1912. An saki Slater a 1927, aka soke hukuncin a 1928.

Iyali

Ya auri Louisa Hawkins a 1885, suka haifi ’ya'ya biyu, Mary da Kingsley. A 1893 aka gano tana da tarin fuka. Ya kai ta Suwizalan da Masar neman sauyin iska, sannan ya gina gida mai suna Undershaw a Hindhead saboda lafiyarta. Ta rasu a 1906. A 1907 ya auri Jean Leckie, suka haifi ’ya'ya uku: Denis da Adrian da Jean. Ɗansa Kingsley ya ji rauni a yaƙin Somme a 1916, ya rasu a Oktoba 1918 sakamakon annobar mura. Ƙanensa Innes shi ma ya rasu a Fabrairu 1919.

Aƙidar ganawa da ruhohi

Tun yana Southsea Doyle yake sha'awar masu cewa ana iya magana da ruhohin matattu. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito fili ya ce ya gaskata wannan aƙida. Ya kashe dukiya da shekarunsa na ƙarshe yana yawon laccoci a kanta a Birtaniya da Amurka da Ostireliya da Afirka. A Disamba 1920 ya rubuta a Strand cewa wasu hotuna da ’yan mata biyu suka ɗauka a ƙauyen Cottingley, masu nuna ƙananan aljanu masu fukafukai, na gaskiya ne, ya kuma fitar da littafi a kansu a 1922. A 1983 matan biyu, sun riga sun tsufa, suka amsa cewa zanen takarda suka yanka suka kafe. Abotarsa da mai rufa ido Harry Houdini ta lalace a kan wannan batu na ruhohi. Masu karatu da yawa sun yi mamakin yadda mahaliccin jarumin da ba ya yarda da komai sai da hujja ya amince da irin waɗannan abubuwa, kuma hakan ya rage masa kima a idon wasu.

Mutuwa

Doyle ya rasu a gidansa mai suna Windlesham da ke Crowborough, a yankin Sussex, ranar 7 ga Yuli 1930, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 71. An binne shi a lambun gidan, sannan a 1955 aka mayar da gawarsa maƙabartar cocin ƙauyen Minstead da ke yankin New Forest.

Matsayinsa wurin masu karatu na baya

Bayan rasuwarsa zaɓin masu karatu bai sauya ba. A 1934 Christopher Morley ya kafa ƙungiyar Baker Street Irregulars a New York, a 1951 kuma aka kafa Sherlock Holmes Society of London. ’Yan waɗannan ƙungiyoyi suna wani wasa na ilimi, inda suke ɗaukar Holmes da Watson tamkar mutanen da suka rayu, suna ƙoƙarin daidaita kwanan wata da saɓanin da ke cikin labaran. Wasiƙu sun ci gaba da zuwa adireshin Holmes na 221B Baker Street, har kamfanin Abbey National, wanda ofishinsa ya haɗa da lambar daga 1932, ya sa ma'aikaci yana amsa su. An buɗe gidan tarihin Holmes a titin a 1990. A Picardy Place, inda aka haifi Doyle, mutum-mutumin da aka kafa a 1991 na Holmes ne. Nasa yana Crowborough. Haƙƙin mallakar labaran Holmes na ƙarshe ya ƙare a Amurka ranar 1 ga Janairu 2023.

Littattafansa na tarihi ba su ɓace ba. Ana ci gaba da buga The White Company da Sir Nigel, amma masu karanta su ba su kai na Holmes ba ko kusa. Masu sonsu suna yaba bayanin yaƙi da rayuwar ’yan baka, masu suka kuwa suna ganin tsohon Turancin da ya sa a bakin jaruman da yawan bayanin tarihi suna rage wa labarin gudu. Da yawa daga masu sharhi sun fi yaba labaran Birgediya Gerard saboda barkwanci da gajarta, duk da cewa shi bai ɗauke su da nauyin sauran ba.

Da tafiya ta yi nisa, labaran Holmes su kansu sun zama hoton wani zamani da ya shuɗe, wato Landan ta ƙarshen ƙarni na 19 mai hazo da keken doki da fitilun gas, kuma da yawa suna karanta su saboda hakan. Marubuta na baya sun haɗa fannonin da Doyle ya raba. A littafin The Name of the Rose na Umberto Eco, wanda ya fito a 1980, wani ɗan zuhudu mai suna William na Baskerville yana binciken kashe-kashe a gidan ibada a Italiya a 1327, wato ƙarnin da Doyle ya fi so ya rubuta a kansa, da salon binciken Holmes. Neil Gaiman kuma ya haɗa duniyar Holmes da ta dodanni a gajeren labarinsa A Study in Emerald, wanda ya ci kyautar Hugo a 2004.